Ma'aikacin Birni da Ƴar Ƙaramin Gari: Bayani a Kan Kufu'i da Haƙƙoƙin Zama

 

Ƴan'uwa masu sallah tare da mu, da ɗalibanmu na madarasa, akwai wani labari da kusan kowa ya san shi, ko daga fim ɗin Hausa, ko na Indiya da ake fassarawa, ko littattafan soyayya da ake karantawa a waya. Saurayi ne ɗan boko mai aiki a birni, kullum cikin gaggawa. Wani dalili ya kai shi ƙaramin gari, ko aiki, ko biki, ko mota ta lalace mishi a hanya. Can sai ya ga yarinya mai kunya da natsuwa, wadda takardunsa da albashinsa ba su ɗaɗa ta da ƙasa ba. Da farko ba sa jituwa, daga baya so ya shiga, iyaye su ƙi, a sha wuya, a ƙarshe a ɗaura aure, fim ya ƙare.

Wannan labari yana faruwa da gaske. Gwamnati tana tura malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da jandarma da ƴan duwan zuwa garuruwa irin su Tasawa da Madawa da Magarya da Matamai da ƙauyukan da ke kewaye da su. Saurayin da ya yi shekara biyu ko uku a can, wa zai ce ba zai ga wadda ta kwanta mishi a rai ba? Wani kuma yana nan Yamai, sai mahaifiyarsa ta ce ita matar gida za ta nemo mishi. Irin wannan aure mu ake kira mu ɗaura, kuma in ya yi tsami mu ake kira sulhu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan abin da ke zuwa bayan ɗaurin auren, wanda fim ba ya nunawa.

Abin da ke jan su ga juna

Ɗan Adam yana sha'awar abin da ba shi da shi. Shi ya gaji da hayaniyar birni da yawan buƙatunsa, ya ga kwanciyar hankali a wurinta. Ita kuma ta ga mutum mai ilimi da tsari, mai magana da ita cikin ladabi. Babu laifi a wannan karkatar zuciya. Ibnu Majah ya ruwaito hadisi mai nuna cewa masoya biyu ba su da abin da ya fi musu aure, kuma Suratur Rum aya ta 21 ta sanya natsuwa da ƙauna da tausayi tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah. Laifin yana zuwa ne ta keɓewa da hirar dare a waya da alkawarin da ba a shirya cikawa ba.

Sai dai ga abin da muke gani a zaman sulhu. Abin da ya ja shi gare ta, sau da yawa shi ne yake fara damunsa. Shirun da ya kira kunya ranar farko, bayan shekara ɗaya ya koma kiransa ƙauyanci. Ita ma himmar aikin da ta burge ta, yanzu ita ce ke fitar da shi tun bakwai na safe, ba ta ƙara ganinsa sai bayan isha'i, ga ta a ɗakin haya ita kaɗai. Babu wanda ya canja a cikinsu, wurin zama ne ya canja, sai kowane hali ya fito da ɗaya fuskarsa. Hausawa sun ce garin masoyi ba ya nisa, gaskiya ne ga mai zuwa zance. Wadda za ta tare kuwa, daga yankin Maraɗi zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 600 ce, daga Damagaram kuma kusan 900.

Shin ɗan birni da ƴar ƙauye kufu'in juna ne?

Kufu'i, ko kafa'a a Larabce, shi ne miji ya zama daidai da matar a wasu siffofi, yadda aurensa ba zai zame mata ko waliyyanta abin kunya ba. Ɗalibai su lura da abu biyu. Na farko, ana duba kufu'i ne a wajen namiji, don kare mace. Ba a tambayar ko matar ta kai mijin. Don haka maganar da wasu dangin ango ke yi, wai "ba ajinsa ba ce", ba ta da gurbi a wannan babi. Na biyu, kufu'i haƙƙin mace ne da waliyyinta, in sun yarda sun sauke shi a abin da ya shafi matsayi, aure ya inganta.

Mazhabobi sun saɓa a kan siffofin da ake dubawa. Hanafiyya sun sanya nasaba da sana'a da dukiya tare da addini da ƴanci. Shafi'iyya sun ambaci nasaba da addini da ƴanci da sana'a da kuɓuta daga aibobi. Hambaliyya ma suna duba nasaba da sana'a da wadata. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce mafi sauƙi a nan. Abin da Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar abu biyu ne, addini da hali. Addini shi ne kada mijin ya zama fasiƙi, kamar mashayi ko mai wasa da sallah. Hali kuma a wannan wuri masu sharhi sun fassara shi da kuɓuta daga aibobin da ke ba mace zaɓin raba aure, kamar hauka da kuturta. Hujjarsu ita ce Suratul Hujurat aya ta 13, wadda ta mayar da fifiko ga taƙawa, da kuma aikin sahabbai. Annabi (SAW) ya ba Faɗimatu ƴar Ƙaisu, Baƙuraishiya, shawarar ta auri Usamatu ɗan Zaidu, wanda mahaifinsa ƴantacce ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito, kuma ta sami alheri a auren. Abu Huzaifa ya aurar da ƴar ɗan'uwansa, Hindu ƴar Walidu, ga Salimu wanda shi ma ƴantacce ne, wannan yana cikin Buhari.

Kun ga ke nan, a cikin duk jerin nan babu mazhabar da ta ambaci birni ko ƙauye, balle takardar digiri ko iya Faransanci. Auren halal ne ba tare da wata shakka ba. Amma halaccin aure daban, daɗin zama daban. Zaidu ɗan Harisa da Zainabu ƴar Jahshi dukkansu mutanen kirki ne, Annabi (SAW) da kansa ya haɗa su, duk da haka zaman bai ɗore ba. Shi ya sa ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga wadda zai aura, don hakan ya fi kawo jituwa.

Haƙƙoƙin da ƙaura take taɓawa

A nan ne fiƙihunmu ya yi zurfi, kuma nan ne mutane suka fi jahilta.

Tafiya da ita. Miji yana da damar ya tafi da matarsa garin da yake zaune, amma malaman Malikiyya sun gindaya sharuɗɗa. Ya zama amintacce mai kyautata mata, hanya ta zama da aminci, garin ya zama ana zartar da hukunci a cikinsa yadda za ta sami inda za ta kai kuka, kuma labarinta kada ya yanke daga danginta. Ku dubi wannan na ƙarshe. Sun faɗe shi tun zamanin raƙumi da wasiƙa. Yau da waya take aljihun kowa, mijin da ya ƙwace wayar matarsa ko ya hana ta kiran mahaifiyarta, ya rushe sharaɗin da aka ba shi izinin ɗauko ta a kansa.

Ciyarwa. A Muhtasar ana auna nafaƙa da al'ada, gwargwadon ƙarfin miji, da matsayin matar, da garin da ake zaune, da farashin kaya. To matar da aka kawo Yamai, da farashin Yamai za a auna mata. Ba daidai ba ne miji ya ce, "Ai a garinsu fura ta ishe ta." A garinsu akwai rumbu a bayan ɗaki, akwai akuya, itace a daji yake, maƙwabciya tana miƙo kuka da daddawa ta kan danga. A birni kuwa ruwa saye, gawayi ko gas saye, ganyen miya ma sai an je kasuwa. Wanda ya auri ƴar ƙauye da lissafin za ta yi mishi arha, ya shigo da niyyar tauye haƙƙi tun daga ƙofa. Ita ma ta sani Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta ɗora wa kowa ciyarwa gwargwadon abin da Allah ya ba shi. Albashi sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma kafin ya zo haya da kuɗin wuta da na makarantar yara da dangi suna jiransa. Dangin amarya da ke ganin surukinsu na birni rijiya ce da ba ta ƙafewa, su ji tsoron Allah.

Muhalli. Ma'aikata da yawa suna ajiye amarya a gidan yayansu ko cikin ƴan'uwa don gudun haya. Malamanmu sun ce mace mai daraja a danginta tana iya ƙin zama cikin dangin miji, sai in an sharɗanta hakan tun farko. Kuma kowace mace, in cutarwa ta tabbata, ana ware mata wurinta. Baƙuwar da ba ta san gari ba, aka sa ta tsakanin facaloli da ƙannen miji suna dariyar yadda take magana, ita ce ta fi kowa buƙatar wannan hukunci.

Ziyara. Miji ba shi da ikon hana iyayenta shigowa wurinta, har an ambaci sau ɗaya a mako idan abin ya kai gaban alƙali. In ya yi rantsuwa cewa ba za ta je ganin iyayenta ba alhali ita amintacciya ce, ana sa shi ya warware rantsuwar. Mai tafiyar kilomita ɗaruruwa ba za ta je kowane mako ba, amma a yi magana a tsayar: sau nawa a shekara, da sallah ko da kaka, wa zai biya kuɗin mota, haihuwar fari a gida za ta yi ko a nan. Abin da aka bari ba a faɗa ba shi ke zama yaji daga baya.

Idan an sa sharaɗi

Wasu iyaye sukan ce sun ba shi, amma ba zai fitar da ita daga garin ba. A Malikiyya sanya irin wannan sharaɗi a ɗaurin aure makaruhi ne, auren ya inganta, ana so ya cika shi amma alƙali ba ya tilasta shi, sai fa in ya rataya shi da rantsuwa, kamar ya ce in ya fitar da ita al'amarinta yana hannunta. A Hambaliyya kuwa sharaɗin ya lizimce shi, in ya saɓa tana da damar neman a raba. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya sanya sharuɗɗan aure a gaban dukkan sharuɗɗa wajen cancantar cikawa. Nasiharmu ga ma'aikaci: kai da ka san takarda ɗaya daga ofis za ta iya ɗauke ka daga Tawa zuwa Difa, kada ka yi alkawarin da aikinka ba zai bar ka ka cika ba. Faɗi gaskiya tun ana neman aure, a gaban shaidu, in da hali a rubuta.

Darasi daga Maisuna

Ɗalibanmu na nahawu sun haɗu da wani baiti a Sharhin Ibnu Aƙil da Ƙaɗrun Nada, a babin abubuwan da ke yi wa fi'ili mudari'i nasabi. Baitin ana jingina shi ga Maisuna ƴar Bahdal, daga ƙabilar Kalbu mazauna hamadar Sham. Mu'awiya ɗan Abu Sufyan (RA) ya aure ta ya kai ta Dimashƙa, ita ce mahaifiyar ɗansa Yazidu. Littattafan adabi sun kawo cewa duk da daular da ke kewaye da ita, kewar hamada ta hana ta sakat, har ta yi waƙa tana fifita rayuwar danginta mai ƙarancin kaya a kan ta fada. Da maganar ta kai kunnensa, sai ya mayar da ita ga mutanenta.

Muna karantar da baitin don i'irabi, amma akwai fiƙihun zama a cikinsa. Mai mulkin Sham bai iya sayen kewar gida da tufafi masu tsada ba, balle mai albashi. Don haka idan amarya tana kuka a watannin farko, kada miji ya ce butulci ne, wai ya raba ta da daka da jan guga amma ba ta gode ba. A garinsu ba ta wuni ita kaɗai ba ko sau ɗaya. Yanzu ƙofa a rufe, maƙwabta kowa na harkarsa, ta shiga kasuwar Katako ko ta Wadata ta ji Zabarmanci da Faransanci sun fi yawa a kunnenta. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Aikin miji ne ya nuna mata gari, ya haɗa ta da matan kirki na unguwa, ya sa ta a makarantar mata. Matan da ke karatu a masallacinmu, ku ma wannan aikinku ne, in kun ga sabuwar amarya daga gida ku jawo ta jiki.

Bambancin al'ada tsakanin gari da gari ma ba sabon abu ba ne. Buhari ya ruwaito Umar ɗan Haɗɗabi (RA) yana bayanin cewa a Makka mazan Ƙuraishawa ne ke rinjayar matansu, da suka zo Madina suka tarar matan Ansar suna da baki a gidajensu, har matan Muhajirai suka fara koyi da su. Haka kuma da aka kai wata amarya gidan wani Ba'ansare, Annabi (SAW) ya tambayi Nana A'isha ko an yi musu ɗan wasa, saboda Ansar suna son hakan. Ya san al'adar mutanen, ya kuma ba ta wurinta matuƙar ba ta saɓa wa shari'a ba.

Raini shi ne mai kashe wannan aure

In an bincika yawancin ƙarar da ke zuwa, ƙarƙashinta raini ne. Miji yana gyara mata magana a gaban baƙi. Abokan aikinsa sun zo, ya ce ta shige ɗaki. Biki ya tashi a wurin aiki, ya tafi shi kaɗai. Bayan ƴan shekaru ya ƙaro ta biyu ƴar boko, ita ce ta fita da shiga mota, uwargida ta zama ta tukunya. Ƙarin aure halal ne, amma wannan rabo zalunci ne. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana izgili tsakanin muminai, Suratun Nisa'i aya ta 19 kuma ta yi umarni da zama da mata da kyautatawa, kuma ba ta ware ƴar ƙauye ba.

In akwai abin da ba ta sani ba, koya mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab saboda barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da na waje. Ƴarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin ƴan taru, tana tura jajis su kai karatu ga matan ƙauyuka. To ina hujjar malamin makarantar da ke koyar da ƴaƴan mutane tun safe, matarsa kuwa ba ta iya karanta takardar asibitin ɗanta ba? Kuma ya tuna ita ma tana da nata ilimin. Ta san tattali, ta san zumunci da ladabin manya, ta san yadda ake riƙe gida da kaɗan. Wata ma ta sauke Alƙur'ani a makarantar allo, shi kuwa bai wuce izu biyu ba.

Rainin yana iya fitowa daga ɗaya ɓangaren. Akwai dangin mata masu kallon duk ɗan boko a matsayin marar addini, akwai matar da ke ganin duk wani tsari na mijinta, na lokaci ko na kashe kuɗi, girman kai ne ko rowa. Wannan ma zato ne, a bar shi.

Gargaɗi ga masu auren wucin gadi

Akwai wanda aka tura aiki ƙauye, ya yi aure don ya sami mai dafa mishi, a ransa ya ƙudurta ranar da aka ɗauke shi zai bar ta. In an faɗi wa'adin a ɗaurin aure, wannan mutu'a ce, ɓatacce ne. In ya ɓoye a zuciya, malamanmu sun ce ƙullin ya inganta a zahiri, amma an ruwaito Imamu Malik yana ƙyamarsa, yana ganin ba ɗabi'ar mutanen kirki ba ce. Ka tambayi kanka, da waliyyinta ya san abin da ke ranka, zai ba ka? Matar da aka bari da goyo, babu ci babu aike, shari'a ta ba ta damar kai ƙara a raba auren saboda rashin nafaƙa ko cutarwa. Amma zunubin yaron da ya tashi bai san ubansa ba yana wuyan wanda ya gudu.

Iyayen yarinya, kada mota da albashi su rufe muku ido. Ku aika a bincika: ina asalinsa, yana da mata a birni, wane masallaci yake sallah, wa ya san shi? Kuma ku nemi yardarta. Hansa'u ƴar Hizamu mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya warware auren. Yarinyar da za a kai nesa da uwa da uba ta fi kowa cancantar a ji ta bakinta.

Tirmizi ya kawo a Shama'il labarin wani sahabi mai suna Zahiru, mutumin ƙauye. Yakan kawo wa Annabi (SAW) tsarabar ƙauye, in zai koma Annabi ya haɗa mishi kayan birni, kuma yana nuna cewa Zahiru shi ne ƙauyensu, su kuma su ne birninsa. Yana ƙaunarsa, har yakan yi mishi raha a kasuwa. Gidan da ɗan birni da ƴar ƙauye suka ɗauki juna haka, kowa yana karɓar abin da ɗaya ya zo da shi da hannu biyu, muna fatan Allah zai sa mishi albarka. Mai shirin irin wannan aure, ko waliyyin da aka zo nema a wurinsa, yana iya samunmu bayan sallar asuba ko bayan karatun magariba mu zauna a duba sharuɗɗan tun kafin a sa rana.

Allah ya ba ƴaƴanmu abokan zama nagari, ya daidaita tsakanin ma'aurata, ya kiyaye mu daga zalunci da raini. Allah shi ne mafi sani.